Yatsun Inna da Kyamarar Aro

Ranar da Auta ta kammala jami'a, ta miƙa wa Inna 'yar kyamarar da ta aro, irin wadda ake taɓa gilashinta ta ɗauki hoto.

"Ke za ki ɗauke ni, Inna. Taɓa nan."

Inna ta taɓa, shiru. Ta goge yatsa a zane ta sake, ko alama. Shekarun wankau sun sa mata kanta a yatsu, har gilashin ba ya jin ta.

Kawu ya tuntsire da dariya. "Yaya, hannun nan naki sai bokiti. Kawo in ɗauka."

Inna ta sunkuyar da kai, ta fara miƙa masa.

"Bar mata, Kawu," in ji Auta. "In ba ita ta ɗauka ba, na haƙura da hoton."

Auta ta tsaya ƙyam cikin rana, sanye da riga da hular kammala karatu, gumi na bin bayanta. Inna ta gwada yatsa bayan yatsa, daga ƙarshe ta juya hannu ta taɓa da bayan ɗan ƙaramin. Kyamara ta yi ƙas.

Hoton ya karkace, rabin hular babu. Auta ta daɗe tana kallonsa.

"Ya yi. Ba za a sake ba."