Jan Bitrut na Mama Nofezile

Ina tsaga shi da wuƙa gabana ya faɗi. Bayansa ja ne kamar na kowane bitrut, jar saiwar nan da muke ci da shinkafa, amma cikinsa zobe-zobe ne, fari da ɗan ja, kamar albasa. Na tumɓuke na biyu, na tumɓuke na uku, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Na zauna daɓas a bakin fangalin, iskar unguwarmu Khayelitsha tana watsa mini yashi a ido, ban ma damu da sharewa ba.

Fangalin ba nawa ba ne, na maƙwabciyata ne, Mama Nofezile. Shekara ashirin muna raba katanga, kuma a lambun unguwa da ke bayan makarantar firamare filinta yana jikin nawa. Ni kabeji da alayyafo nake yi. Ita kuwa bitrut ne sana'arta, kuma jansa mai duhu kaɗai, wanda take tara irinsa da hannunta. Babu jana'izar da aka yi a layinmu ba a ci nata ba. Takan ce duk mamacin da aka ci shinkafarsa fara fat, bitrut bai rina gefenta ba, to 'yan'uwansa ba sa sonsa. Na kwalba da ake saya a kanti kuwa, ko sunansa ba ta son ji.

Da ciwon zuciya ya kwantar da ita a watan Satumba, ƙafafu suka kumbura, sai ta kira ni ta damƙa mini irin a ƙunshe cikin takarda. Ba ta ɓoye mini ba, na jana'izarta ne. Na yi mata alkawari. Ni kuma da shegen sakacina na bar ƙunshin a rumfar kayan aiki, ɓeraye suka yi buki. Maimakon in faɗa mata, sai na buɗe akwatin irin da wasu baƙi suka kawo wa lambun kyauta, na ɗauki wanda aka rubuta bitrut a kai, na shuka. A ganina bitrut ai bitrut ne. Sati goma ina ba shi ruwa, ina kai mata rahoton ƙarya da gaskiya a cakuɗe.

Na dafa ɗaya a gida ko wuta za ta rufa mini asiri. Ya fito fari-fari, ɗan jan ma ya gudu cikin ruwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na sa shi a faranti na nufi gidanta.

'Yarta Bulelwa ce ta buɗe mini. Tsohuwar tana jingine da matashi uku, numfashinta sama-sama. Ta dubi farantin, ta dube ni.

"Nontsasa, dankali kika kawo mini?"

Na faɗa mata komai, har da ɓerayen. Ina jiran faɗa, don bakinta ya fi wuƙa kaifi. Sai ta kama dariya har tari ya sarƙe ta, Bulelwa na bubbuga mata baya.

"Shi ke nan kin hana ni mutuwa," in ji ta. "Da wannan abin za a ciyar da mutanenmu na Cofimvaba? Su koma ƙauye su ce Nofezile ta lalace a birni? Bulelwa, ɗauko mini hular cocina."

A cikin hular, ƙarƙashin shafi, akwai wani ƙunshin. Wai tun tana yarinya aka koya mata ba a ajiye iri wuri ɗaya, balle a hannun mai noman kabeji. Na shanye, don na cancanci fiye da haka.

Washegari na kwashe bitrut ɗin baƙin nan na raba wa masu so, na zuba kashin kaji, na sake shuka. Wannan karon daga kan gado take noman. Kullum da hantsi sai na biya na ba da bayani. Ƙwaya ɗaya takan fitar da tsiro uku ko huɗu, sai ta sa in rage su har tafin hannu ya shiga tsakani, wanda na cire kuma in kawo mata ta gani da idonta. Ta sa na kafa tsofaffin buhuna ta gefen da iska ke kaɗowa. Ranar da na ce na ba da ruwa, sai ta kama yatsana ta duba ko akwai danshin ƙasa a farce.

Amma ni lissafina daban ne. Ina duban ganyen, ina duban fuskarta, in ga ɗaya yana ƙaruwa ɗaya yana raguwa, kuma raguwar ta fi sauri. Tsoro ya hana ni sakat. Idan ta tafi kafin ya nuna, ni na jawo, kuma duk layin sun san ni na jawo.

A sati na bakwai ta daina cin abinci sai shayi. Na tone ɗaya na kai mata, bai wuce ƙwan kaza ba. Ta sa aka yanka. Jan ya biyo wuƙar, ya ɗiga a kan zanen gado. Ta daɗe tana kallon ɗigon. Ni kuwa hawaye ya ƙwace mini, na ce mata saura sati uku, ta yi haƙuri ta jira.

"Ke dai ba ki iya ƙirga ba, 'yar'uwa," ta ce a hankali. "Yaushe kika ga an binne mutum a layin nan ranar da ya mutu? Sai Asabar ta biyu. Mutanen Cofimvaba kuwa ko bikinsu ba sa zuwa a kan lokaci. Ki ci gaba da ba shi ruwa."

Ta cika ranar Litinin ta sati na takwas, da hantsi, Bulelwa na goge mata fuska. Allah ya jiƙanta. Aka fitar da kujeru waje, aka fara addu'o'in yamma. Dangi suka bugo waya daga ƙauye cewa Asabar ɗin nan ba za ta yiwu ba, sai ta sama. Bulelwa ta ɓata rai. Ni na juya baya don kada a ga fuskata, domin ban taɓa jin daɗin jinkirin mutane irin na ranar ba.

Kwana goma sha ɗaya ina fita daga gidan makoki in wuce lambu da butar ban-ruwa. Wasu mata suka fara gulma wai ban damu ba. Na bar su da bakinsu.

Ranar Juma'a na tumɓuke. Kowanne ya cika tafin hannu, buhu biyu cur. Muka murɗe ganyen, ba mu yanke jelar ba, don ta sha gaya mana idan aka yanke jan yakan tsiyaye a tukunya. Muka dafa, muka saɓule ɓawon, muka gurza, aka zuba ruwan khal da sukari da albasa. Hannuna ya rine har wuyan hannu.

Da aka dawo daga maƙabarta aka jera layin abinci. Wata tsohuwa daga Cofimvaba, yayar marigayiyar, ta karɓi farantinta, ta ga yadda ja ya malala cikin shinkafar, ta ɗanɗana.

"Wannan nata ne," ta ce, ta miƙo farantin a ƙara mata.

A nan ne na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, wanda na ɗauka tun Nuwamba. Sai na tuna ni ban ma wanke hannu ba tun dawowarmu, don na wuce kai tsaye wajen tukwane. Na koma bakin ƙofa inda aka ajiye bahon da kowa ke wanke ƙurar maƙabarta. Kowa ya gama, ruwan ya kwanta. Na tsoma hannuwana, ja ya fara bazuwa a hankali har ya kai gefen bahon.