Abin da Rosmaini Ta Gani a Halwa

"Etek, ki fito. Amak ce ke kiranki."

Rosmaini ta gane muryar ta bayan gidan sauron: Yusnidar ce, 'yar maƙwabciyarta Jalisah, wadda ke ce mata Etek, wato gwaggo, take ce wa uwarta Amak. Amma ba ta ɗaga farin mayafin da ya rufe mata kai ba. Kwananta talatin da bakwai ke nan a halwa a zawiyar shehinsu Buya, ita da mata goma sha huɗu, kowacce a cikin nata gidan sauron, ba nama, ba kifi, ba hira, sai zikiri da tsakuwar ƙirga. Saura kwana uku kacal.

"Yus, kin san dokar nan," ta ce a hankali.

"Na sani. Buya ma na tambaya, ya ce ki je. Likita ya sallamo ta, Etek. Ya ce mu kai ta gida kawai."

Ta hau bayan babur ɗin Yusnidar da hantsi, suka bi ta tsakiyar gonakin shinkafa, rana na soke mata ido. Jalisah ta ba ta tausayi, amma wani abin ne daban ya fi cin ta a rai.

Duk mako almajiran halwa kan durƙusa gaban Buya, kowa ya faɗi abin da ya samu a zikirinsa. A mako na biyu matar da ke gefenta ta yi ta kuka, wai zuciyarta ta narke. Ita kuwa Rosmaini ba abin da ya narke mata sai gwiwa. Da layi ya zo kanta, bakinta ya riga ta. "Haske, Buya. Kore shar, a nan ƙarƙashin haƙarƙari." Buya ya daɗe yana kallonta, sannan ya ƙara mata wuridi. Masu kawo abinci suka kwashi labarin suka kai unguwa, kafin Juma'a har an fara cewa an yi wa Rosmaini buɗi. Tun daga ranar zikirin ya koma mata kamar taunar ɓawon kwakwa.

Jalisah kuwa ba ta taɓa shiga halwa ba. Shekara talatin suna katanga ɗaya, kullum tana bakin makaranta tana suyar ayaba. Rosmaini, wadda ke kiranta Uni, wato yaya, ta sha tsokanarta: "Uni, ke har yaushe za ki yi ta ibada da kasko?" Sai Jalisah ta yi dariya ta ce wani ya shiga, wani ya soya.

Da suka isa, ɗakin Jalisah cike yake da mata suna karanta Yasin. Da ganinta suka dare, aka ba ta hanya. Wata tsohuwa ta kamo hannunta ta kai goshi. Rosmaini ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Jalisah na kwance a katifa kusa da taga, ta rame ta koma kamar yarinya. Ta yafito ta da yatsa.

"Ros, kin zo? Na ɓata miki kwana arba'in ɗinki."

"Haba Uni, bar wannan zancen."

"Zauna nan. Ke da aka buɗe wa, faɗa mini, me ke can?" Ta ja numfashi da ƙyar. "Ni shekara sittin ina salla, in na rufe ido duhu kawai nake gani. Tsoro nake ji. Kar in je a ce ban zo da komai ba."

Masu karatu suka sassauta murya. Kowa na son ji.

Ƙaryar tana nan a shirye bisa harshenta, koren hasken nan, har ta san inda za ta ɗora hannu. Numfashi ɗaya ya ishe ta, ta fita da mutuncinta. Sai dai Jalisah za ta tafi tana ganin ita kaɗai aka bari a waje.

"Uni," ta ce, "ban ga komai ba."

Karatu ya tsaya cak.

"Ƙarya na yi wa Buya. Na ga kowa na samu, na ji kunya, na ƙaga. Duhun da kike gani, ni ma shi nake gani."

Jalisah ta zuba mata ido. "To kwana talatin da bakwai me kike yi a ciki?"

"Ciwon baya. Da tunanin kifi da madarar kwakwa."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Jalisah, har Yusnidar ta zabura da kofin ruwa. Ashe dariya ce.

"Ja'ira! Ni ina nan ina jin nauyinki, ashe kifi kike zikiri!" Ta yi tari, hawaye ya gangaro mata ta gefen ido. "Matso, Ros. Mu kira Shi tare a duhun, ko Ya ji tausayinmu."

Rosmaini ta kai bakinta kusa da kunnenta. Allah, Allah, Allah. Ba tsakuwa, ba ƙirga. Leɓen Jalisah na bin ta, yana bi, har ya daina bi ana gab da kiran azahar.

Rai ya yi halinsa. Tsohuwar da ta kai hannunta goshi ta kau da kai. Rosmaini ta lallaɓa ta nufi ƙofar madafa, tana so ta sulale gida ta rufe kanta. Yusnidar ta tare ta a bakin rijiya.

"Ina za ki, Etek? Ke za ki riƙe kanta a wanka."

"Ni? Yus, kin ji abin da na faɗa."

"Na ji. Ita ma ta ji. Zauna."

A garin, mata na jiki ne ke miƙe ƙafa a jere, a kwantar da mamaciya bisa cinyoyinsu a yi mata wanka. Rosmaini ta zauna a farkon layi, aka ɗora mata kan Jalisah. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Aka fara zuba ruwan lemun tsami da kafur, yana bi ta furfurar yana jiƙa mata zane, ita kuwa ta sa tafin hannu ta kare wa Uni ido kar ruwan ya shiga.