Kwalbar da Ba Ta Raguwa

Tun ranar da man sakin gashi ya ƙona wa Yaya kai, gidanmu bai sake zama lafiya ba. Gashin da take taƙama da shi ya koma kamar tsohuwar tsintsiya, in ta sa mataji sai ya biyo shi. Mai kitso ta datse bakin da ya tsage, ta haɗa mata man kwakwa da kanumfari a kwalba mai faɗin baki, ta kuma ja mata kunne: ba zafi, ba kitso mai ɗaurewa, kada ko ɗigon ruwa ya shiga kwalbar.

Da farko man ya karɓe ta. Daga baya sai ya fara tsami, kanta ya kama ƙaiƙayi, gashin ya koma zuba.

"Ke Tabarau!" Haka take kirana saboda gilashin idona. Ta tura mini kwalbar har hanci. "Mai ne wannan ko ruwan wanki? Ɗakinmu ɗaya, wa zai taɓa in ba ke ba?"

"Wallahi Yaya, ban taɓa ba."

"To aljani ne. Gaishe shi."

Daga ranar ta daina yi mini magana. Gaisuwa ma sai ta amsa da hanci, ni kuwa in aka yi fushi da ni ko layi ɗaya ba na iya karantawa.

Na shiga zargin kowa. Na zargi mai kitso, na zargi Mama da furfurarta, har Yayar kanta ban bari ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwalbar ba ta raguwa. Kullum ana shafawa, kullum man yana daidai bakin takardar da ke jikinta. Wani ke ɗiba yana cikawa da ruwa.

Sai kuma Baba. Mutumin da ke cire hula tun daga ƙofa ya shafa sanƙonsa, yanzu har abinci da ita yake ci. Wata rana muna cin abinci, Mama ta ɗaga hanci.

"Malam, kanumfari nake ji."

"Haƙori ke damuna," ya ce.

Na kalle shi ta saman littafina. Mai ciwon haƙori, ga shi yana tauna ƙashi ƙurus-ƙurus.

Washegari da Yaya ta shiga wanka, na zauna a bayan ƙofar ɗakinmu. Can sai ga takun silifa a hankali. Baba ne, da kofin ruwa a hannu. Ya buɗe kwalbar, ya lakato da yatsa biyu, ya cire hula ya ajiye a kan gado, ya murza a sanƙonsa, sannan ya karkata kofin.

Gilashina ya zame, ya faɗi ƙasa.

Muka kalli juna. Ban san Baba yana iya jin kunya ba sai ranar.

"Auta," ya ce ƙasa-ƙasa, ya sunkuyo mini da kai. "Tunda kin gani, duba mini. Ya fara fitowa?"

Sanƙon yana ta sheƙi kamar an goge faranti.

"Baba, Yaya ta daina yi mini magana."

"Zan sayo mata wani. Ya tsaya tsakaninmu."

Ƙofar banɗaki ta buɗe. Yaya ta shigo da tawul a ka, ta ga kwalbar a buɗe, ta watso mini harara. Baba ya ɓoye kofin a bayansa. Sai kawai na ɗauki hular daga kan gado na miƙa mata.

Ta shinshina. Ta dubi Baba, ta dubi sanƙon, sannan ta juyo gare ni.

"Tabarau," ta ce, "ɗauko mataji ki zo ki duba mini ƙeya. A hankali fa."