Kujerar Cire Takalmi

Jikata ba ta iya shiru ba. Tun tana goye take surutu, shi ya sa na laƙaba mata Rediyo, sunan kuma ya bi ta har makaranta. Ni ce kakarta ta wajen uwa. Gwiwoyina sun daɗe da yi mini yaji, saboda haka wurin zamana ɗaya ne, doguwar kujerar falo mai kallon ƙofar shigowa. Duk abin da ya faru a gidan nan a kan idona ya faru. Ba sa ido nake yi ba, tashi ne ba na iyawa.

'Yata, uwar Rediyo, amsa waya take yi a wani kamfani. Daga safe har yamma abin sauraro na maƙale a kunnenta, mutanen da ba ta taɓa gani ba suna zazzage mata fushinsu, ita kuma dole ta ba su haƙuri da murya mai sanyi. Kafin ta hauro benen nan namu haƙurin ya ƙare tas. Ga girki yana jiranta, ga wanki, ga ni da ƙafafuna da za a shafa wa magani.

A bakin ƙofa akwai wata 'yar kujerar katako mai ƙafa ɗaya gajeriya. A nan take zama ta kwance igiyar takalmi. Da ta zauna Rediyo za ta tsaya mata a ka, ta kunna: wacce ta yi faɗa da wacce, malamin lissafi ya zo da riga a birkice, ƙawarta ta ci amanarta, sun shirya, sun sake ɓatawa.

"Ke, ki bari in sha ruwa mana," in ji uwar. "Kaina zai tsage."

Rediyo ko a jikinta. Can tsakiyar faɗan sai ka ji uwar ta ce, "To ke me ya kai ki ba ta aron littafin? Ban hana ki ba?" Shi ke nan, sai su kaure, wannan na ɗaga murya, waccan na ɗagawa, ni kuma ina tsoma baki ba wanda ya gayyace ni. Maƙwabta na cewa gidanmu ya cika hayaniya. Gaskiyarsu ne.

Uban yarinyar yana wani gari, sun rabu da 'yata tun Rediyo na koyon tafiya. Mutumin kirki ne daidai gwargwado, ba zan yi masa sharri ba. A farkon zangon karatu ya bugo waya ya ce akwai makaranta mai kyau kusa da shi, yana son yarinya ta koma wurinsa idan an yi hutu. Ya ce ba zai tilasta ba, tunda ta yi wayo a bar ta ta zaɓa da kanta. 'Yata ta ce to. Tun daga ranar ba ta ƙara cin abinci ta ƙoshi ba, domin yarinyar nan ita kaɗai gare ta.

Ana cikin haka ta dawo wata rana fuska a murtuke. Daga baya na ji wani ne ya zage ta a waya har da iyayenta, wato har da ni da nake zaune ban san hawa ba ban san sauka ba. Rediyo ta kunna kamar kullum. Uwar ta cire takalmi ɗaya ta maka shi da bango.

"Ki rufe mini baki. Kunnena ya gaji da ke."

Rediyo ta dube ta. Sannan ta ce, "To zan tafi wurin Baba, ki huta."

Maganar yara ce, ni na sani. Amma 'yata ta ɗauke ta ta haɗiye, ta zauna mata a ƙirji.

Ba a daɗe ba ta zo mini da labarin wata malama da ke zuwa wurin aikinsu lokacin hutun cin abinci, tana koya wa iyaye yadda za su kwantar da hankalinsu. A zauna a miƙe baya, a rufe ido, a ja numfashi a sake shi a hankali, a riƙa maimaita 'yar gajeriyar magana ɗaya. In tunani ya zo, ko wani motsi, kada a bi shi, a ƙyale shi ya wuce. Malamar ta ce lokacin da ya fi shi ne da zarar an shigo gida, kafin a yi magana da kowa, don kada a juye wa yara ɓacin ran wurin aiki.

Na ce, "Yanzu numfashin ma sai an koya muku? Mu da carbi muke namu, ba malama ba allo."

"Inna, ki bar zolaya. In ban daina yi wa yarinyar nan ihu ba, tafiya za ta yi."

Na tambaye ta maganar da ta zaɓa. Ta ce, "Ina nan." Wai don ta riƙa tuna wa kanta ta baro ofis, ta iso gida.

Abin da ya fi ba ni baƙin ciki shi ne, abin ya yi aiki. Da ƙarya ce da na samu wanda zan zaga. 'Yata ta daina ihu, ciwon kan ya ragu, har hannunta ya yi laushi in tana shafa mini magani. Sai dai yanzu in ta shigo ba ta zama a kujerar katako. Da takalminta take wucewa ɗaki, ta ɗaga wa Rediyo hannu alamar tana zuwa, ta tura ƙofa.

Rediyo ta riƙa tsayawa a falo da labari cike da baki. In uwar ta fito, fuska a sake, sai ta nufi kicin tana cewa, "To 'yar Mama, me kike son gaya mini?"

"Na manta."

Ba mantawa ta yi ba. Labarin yaro kamar shayi yake, in ya huce ba mai marmarinsa. Ta gwada kawo mini nawa rabon, amma ni kunnena ɗaya ya mutu, kuma kullum sai in goyi bayan wacce ba ita ake so a goya wa ba. Ta gaji ta bari.

Na gaya wa 'yata. Na ce, "Yarinyar nan fa ta yi shiru."

"Ai shi ne, Inna. Malama ta ce in uwa ta natsu, gida ma sai ya natsu."

Na sake faɗa, ta ce to. Matsalar ita ce ni mai ƙorafi ce, a ranar ma na yi a kan gishiri, na yi a kan labule, sai wannan ya shige cikinsu ya ɓace.

Wata yamma Rediyo ta dawo idonta ja. An cire ta daga wasan kwaikwayon makaranta, an ba ƙawarta matsayinta, bayan ta haddace komai har ni na haddace. Ta ƙi cire kayan makaranta, ta zauna a kujerar katako tana jira. Uwar ta shigo, ta shafa kanta, ta wuce. Rediyo ta bi ta, ta ƙwanƙwasa a hankali. Ba a buɗe ba. An ce motsi in ya zo a ƙyale shi ya wuce, 'yata kuwa ɗaliba ce mai bin doka. Ta cikin ƙofar muryarta na fitowa ƙasa-ƙasa, ina nan, ina nan, ina nan.

Rediyo ta juyo ta dube ni. "Kaka, wa take gaya wa tana nan?"



Da hutu ya matso uban ya bugo. Muna zaune a falo mu uku. Rediyo ta riƙe wayar, amma ba wayar take kallo ba, fuskar uwarta take kallo.

"Zan zo, Baba," ta ce.

Na ga ƙirjin 'yata ya ɗaga. Na ga ta rufe ido, leɓɓanta na motsi. Ta sauke numfashi a hankali kamar yadda aka koya mata, ta buɗe ido, har da ɗan murmushi.

"Duk abin da kika zaɓa, 'yar Mama. Allah ya sa hakan ne alheri."

Rediyo ta ci gaba da kallonta kamar tana jiran saura. Da ta ga babu, ta tashi ta shige ɗaki. 'Yata kuma ta shiga banɗaki ta kunna famfo. Kunnena mai rai yana wajen banɗakin, na ji abin da ruwan bai iya rufewa ba. Da ta fito ta ce mini, "Kin gani, Inna? Ban yi mata ihu ba. Ko ba komai za ta tafi ba ta jin haushina."

Ranar tafiya uban ya zo da mota, ya hauro ya gaishe ni, ya ɗauki babbar jaka. 'Yata ta ɗauki ƙaramar ta bi shi. Rediyo ta tsaya yi mini sallama. Na ce ta tafi can ta cika wa wasu kunne, mu mun huta. Ta yi dariya, sai dariyar ta karye. Ta sa bakinta a kunnena mai ji.

"Kaka, da ta yi mini faɗa ta ce ba inda za ni, wallahi da na zauna."

Kafin in kama hannunta ta fice. Na kira ta, na kira uwarta, na yunƙura, gwiwoyin nan suka ce ba da su ba. Ina ji motar ta tashi.

'Yata ta hauro ita kaɗai. Na yi ta shawara da zuciyata ko in bar maganar a cikina. Ban iya ba, ban taɓa iyawa ba. Na faɗa mata yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba. Ta dafa bango, ta sulale ta zauna a kujerar katako.

Ta kira Rediyo a waya a ranar, ta roƙe ta ta dawo, har da ihun da aka so tun farko. Amma an riga an yi wa yarinya rajista, an ɗinka kayan makaranta, ita ma kuma ta gaji uwarta wajen taurin kai. Yarinyar ta ce sai dai in an yi dogon hutu.

Yanzu gidanmu shiru, maƙwabta har yabawa suke yi. Ba mai ƙwanƙwasa wa 'yata ƙofa, amma ta daina shiga ɗakin. In ta dawo, a kujerar katako take zama, ta kwance igiya ɗaya, ta ciro waya.

"Ina nan, 'yar Mama, ina jin ki. Ba ni labari."

Nakan karkato da kunnena mai rai. Muryar takan fito 'yar siririya, da ladabi kamar ta baƙuwa.

"Ba wani labari, Mama. Lafiya lau. A gaida Kaka."

Sai wayar ta mutu. 'Yata takan daɗe a wurin, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu.