Kitse a Cikin Bututu

Tun daga bakin ƙofar gidan burodin, Baba Mai Wuta, tsohon mai aikin lantarki, ya yamutsa fuska. Wani wari ke tashi kamar mahautar da aka yi kwana uku ba a wanke ba. Matar da ke da wurin ta tare shi da ƙorafi: sati guda ke nan tana fama, ta wanke ƙasa, ta sa an yashe kwata, ta zargi ɓera, ta zargi maƙwabta. Ga sabon tanderun lantarki an girka mata, amma ta rantse ba mai kunna shi sai Baba ya duba wayarin ya ce to. Shekara arba'in ke nan mutane ba sa ja da wannan "to" ɗin nasa.

Ya bi warin da hanci har zuwa akwatin mahaɗar waya da ke bayan tanderun. Yana kwance murfin, kyankyasai suka watso masa a hannu, wani baƙin maiƙo ya biyo bango yana tsiyaya. Tir!

Kallo ɗaya ya gane ta'asar. Bututun da ke binne a bangon ɗan siriri ne, mai faɗin milimita ashirin, na zamanin ƙwan fitila da fanka. Shi kuwa tanderu wayoyi huɗu yake ci, kowace kaurin ɗan yatsa. Irin wannan sai bututu mai arba'in, da gwiwa mai faɗin lanƙwasa, a bar wa waya sarari ta sha iska in ta ɗau zafi. Amma wani ragon Allah ya ji ƙyashin fasa sabon tayil ɗin da aka manna wa bangon, ya samo kitse wajen mahauci, ya lafta wa wayoyin, ya cusa su da ƙarfin tsiya. Baba ya haska tocila. Daidai gwiwar farko robar ta saluɓe, jan ƙarfe tsirara yana ƙyalli a cikin ruɓaɓɓen kitse.

Nan fa bakinsa ya buɗe. Ya wanke mai aikin tas, ya haɗa da wanda ya koya masa, ya ce uban da ya haifi wannan ya yi asara. Matar, mai surutun nan, ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa.

Sai idonsa ya faɗa kan bakin wayar. An naɗe shi da tef zagaye uku, an lanƙwashe ƙarshen kamar kunne don sauƙin warwarewa. Irin naɗin Baba ne. Mutum ɗaya tak ya taɓa koya wa.

Da ya waiwaya, ga shi tsaye a bakin ƙofa: babban ɗansa, wanda 'yan layin ke kira Injiniya, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ashe matar ta ɓoye wanda ya yi aikin ne don kunya. Injiniya ya matso ya durƙusa, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ai wayar ta shiga. Ka rufa min asiri. In ka ce a fasa bangon, ba mai sake kirana a layin nan."

Baba ya dubi buhunan fulawa da aka jera jikin wannan bangon, ya dubi teburin katakon da mata uku ke murza ƙullun burodi a kansa, bayansu na gogar tayil ɗin. Kunya da takaici suka cika shi. Ya goge maiƙon a tsumma, warin ya ƙi fita.

Matar ta ce a hankali, "Baba, a kunna?"

Ya buɗe jakarsa ya zaro guduma.

"Zagin da na yi ɗazu ban janye ko ɗaya ba, 'yata. Wanda ya koya masa da uban da ya haife shi, ga su nan tsaye a gabanki: duk ni ne."

Ya ce matan su matsa, ya ɗaga gudumar ya sauke a kan tayil na farko.