Tsibirin 'Ya'yan Fari

Jiya da dare na yi wani mafarki wanda har yanzu bai sake ni ba. Wai na kwashi iyalina mun tafi yawon buɗe ido. Tun daga nan ya kamata in gane mafarki ne, domin ni ban yarda da irin wannan yawo ba. Mutum da sana'arsa da lafiyarsa ya rufe shago ya tafi kallon dutse, wannan shiririta ce, kuma na sha faɗa wa yara haka. Amma ga ni zaune a kwalekwale, da malafa irin ta Turawa a kaina.

Mu huɗu ne: ni, da matata Saude, da autarmu Shamsiyya, da ɗana na fari. Sauran yaran ban san inda muka baro su ba, kuma a mafarkin abin bai dame ni ba. Shi na farin ya zama saurayi, gemu ya fito masa, yana gyaran babura a bakin kasuwa. Ban taɓa kiransa da sunansa ba. Haka na taso na tarar a gidanmu, uba yana jin kunyar ɗan fari, ba ya kama sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. In ina nemansa "Kai" nake cewa, ya amsa. Ni a wurina wannan ita ce tarbiyya, kuma ina raina iyayen zamani masu saɓa ɗan fari a wuya suna yi masa kirari.

Jirgin ba matuƙi. Yana tsaye wuri ɗaya, wani tsibiri ne ke tahowa, da wani baƙin dutse a tsakiyarsa yana fitar da hayaƙi.

A bakin ruwa akwai tebur a kan yashi. Wani bunsuru ne zaune a bayansa, sanye da tabarau, yana tauna igiyar jirginmu.

"Sannunku da zuwa," in ji shi. "Maigida, kira 'ya'yanka su sauko. Da suna."

Na ce, "Shamsiyya." Ta diro tana murna.

"Saura wancan."

"Kai, sauko."

Bunsurun ya cire tabarau ya goge da gemunsa. "Ban ji suna ba."

"Ɗan farina ne. Ba ka san al'ada ba?"

"Na san ta sosai. Ita ta cika mana tsibiri." Ya mayar da tabarau. "Ya shiga, ba laifi. Amma wanda ubansa bai kira ba, namu ne. Kana da dama har ya kai bakin dutsen can. In ya shiga, shi ke nan."

Na ce masa ni ba na jayayya da bunsuru. Ya ce duk haka suke cewa.

Sai ga mu a cikin kurmi. Itatuwan sun yi tsawon da rana ba ta isowa ƙasa. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsirowa ya nufi sama. Yana shiga ta ƙafar wando, ya bi ciki, ya taru a ƙarƙashin haɓa, sannan ya wuce. Saude ta buɗe lema ta juya ta, ta riƙe ta a gaban gwiwoyinta. Yaron yana bayanmu ɗauke da kayanmu duka, kamar yadda ya saba ba sai an ce masa ba.

A kan rassa aku ne birjik. Ba sa cewa komai sai "Kai!" da "Ke!" da "Ina yaron nan?" Muryoyin dattawa ne da su. Akwai ɗaya mai muryata sak, har da gyaran muryar da nake yi kafin in yi faɗa. Duk inda muka juya yana binmu.

"Baba, kalli!" Shamsiyya ta ja min riga. "Kunkuru da agogo!"

Gaskiya ne. Kunkurun ya kai girman tukunyar biki, da agogon hannu ɗaure a ƙafarsa ta gaba. Kusa da shi wani damo ne sanye da takalmin makaranta. Wata biranya ta leƙo daga cikin ganye, tafin hannunta ja wur da lalle. Da suka gan ni duk suka rusuna.

"Ina wuni, Baba."

Ban taɓa ganin dabbobi masu ladabi haka ba, kuma ladabin ne ya fara ba ni tsoro.

Na tambayi kunkurun ko shi waye. Ya ce, "Ɗan fari ne ni, daga Ringim. Baba ya kawo mu hutu. Da jirgi zai tashi ya ce, 'Kai, taho mana.' Na kasa tahowa."

"Bai dawo ba?"

"Yana aiko da saƙo. Yakan ce a gaida yaron nan."

Na waiga. Fatar wuyan ɗana ta yi toka-toka, ta tsattsage kamar ta damo.

"Kai, me ya same ka a wuya?"

"Ba komai, Baba."

Na ja Saude gefe na ce ta kira shi.

"Ni, Malam? Ni da na haife shi? Ranar da ya karye a ƙafa, nas tana tambayata sunansa na kasa, sai da maƙwabciya ta faɗa." Kuka take yi, hawayen suna bin goshinta suna tafiya sama.

Shamsiyya ta ce, "Haba, wannan ne wahala?" Ta buɗe baki ta ƙwala wa yayanta kira. Na ga leɓenta na motsi, amma ruwan ya ɗauke sunan ya yi sama da shi kafin ya kai kunnen kowa. Biranyar ta girgiza kai.

"'Yar ƙanwa, ki huta. Na uba ake nema."

Ban san yadda aka yi ba, sai na gan mu a jikin dutsen. Babu itace ko ɗaya, sai baƙar ƙasa mai ƙuna. Takalmina na roba yana narkewa yana manne wa duwatsu. Iskar warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi. Ƙasa tana rawa a hankali, kamar mutum yana tsaye a bayan babbar mota.

Akwai layi yana hawa, samari da 'yan mata, har da wani mai furfura. Babu mai tura su, babu mai magana. Ɗana yana cikinsu. Yanzu da hannu da ƙafa yake tafiya, wutsiya ta huda wandonsa tana jan toka, kuma jakunkunanmu suna nan a bayansa bai ajiye ba.

Na bi shi ina haki. Na ce, "Ɗana!" Bai juyo ba. Na ce, "Babban gida!" Na ce, "Yayan Shamsiyya!" Na ce, "Mai gyaran babur!" Duk wanda na faɗa sai dutsen ya yi tari, toka ta zubo mana.

Raina ya ɓaci. Na tsaya na fuskanci dutsen na gaya masa gaskiya. Na ce ubana bai taɓa kama sunan yayana ba har ya koma ga Allah, kuma yayana bai lalace ba. Na ce kunya ado ce, gidan da babu ita kango ne. Na ce yaron nan ni na ciyar da shi, ni na kai shi koyon sana'a, ranar da zazzaɓi ya kama shi ni na kwana a tsaye a bayan ƙofa, ban dai shiga ba ne. Na ce in wannan bai isa ba, to duniya ta lalace.

Wani ya tafa. Bunsurun ne, ya ɗora buta a kan wata tsaga yana dafa shayi.

"Ka yi magana, Malam. Wanda ya zo kafinka ma ya fi ka iya jawabi." Ya nuna wata ƙaguwa da ke rakuɓe a bayan dutse, da ɗan kunne a ƙafarta. "Ga 'yarsa nan."

Sai muka iso bakin ramin da ke ƙolin dutsen. Faɗinsa ya fi filin kasuwarmu. Can ƙasa wuta ce ja tana juyi kamar kunu a tukunya, tana huci irin na zugazugin maƙeri. Masu layi suna isa, su cire takalmi, su sauka ɗaya bayan ɗaya. Ba sa ihu. Da sun yi ihu da ya fi min sauƙi. Ta wani ƙaramin rami a gindin dutsen ina hango abubuwa suna fitowa, masu ƙaho da masu ɓawo da masu fiffike, suna shiga kurmi.

Mutum ɗaya ya rage a gaban ɗana.

Yaron ya tsaya ya sauke kayan, ya jera su a tsanake inda toka ba ta da yawa. Sannan ya juyo. Idanunsa sun koma gefen kai, sai da ya karkata kafin ya gan ni.

"Baba, maganin Umma yana cikin ƙaramar jakar. Kada a bar shi a rana."

Na ce, "Tsaya."

"Kada ka matsa wa kanka, Baba. Na saba."

Na buɗe baki. Sunan yana nan, na ji shi a ƙirjina, da nauyi kamar tsohon ƙarfe. Sau ɗaya tak na taɓa faɗinsa, ranar suna, cikin raɗa a kunnen liman, daga nan na gudu shago na ɓuya har aka watse. Tun ranar yake kwance a wurin, ya yi tsatsa. Na yunƙura in ɗago shi. Abin da ya fito shi ne, "Kai."

Akun nan mai muryata ya sauko kan malafata ya maimaita. Sauran suka ɗauka daga kurmi, "Kai! Kai! Kai!" har dutsen yana amsawa.

Na gabansa ya sauka. Shi ma ya sa ƙafar gaba a kan gaɓar ramin. Ba shi da takalmin cirewa, ƙafafun sun zama farata. Saude ta durƙusa ta rufe wa Shamsiyya ido. Dutsen ya fara wani gurnani, ya yi ya tsaya, ya yi ya tsaya. Ƙafarsa ta biyu ta bar ƙasa.

Na fizge malafar da akun na jefar. A gaban matata, a gaban autata, a gaban bunsuru da 'ya'yan mutane, na tattara abin da ke ƙirjina na yi ihu.

"Zayyanu!"

Ban ga ko ya juyo ba. Hayaƙi ya rufe ko'ina, gurnanin ya cika min kai, ya yi ya tsaya, ya yi ya tsaya.

Na buɗe ido. Babur ne a soro, ana ta buga masa ƙafa yana ƙin tashi. Gari ya fara haske. Saude tana zaune a bakin gado, ta dafe baki da hannu tana kallona.

Ƙarar babur ɗin ta ɗauke. Na ji takun mutum a tsakar gida, a hankali, har ya tsaya a bayan labule.

"Na'am, Baba?"

Ya faɗa kamar wanda bai tabbata shi aka kira ba.

Na gyara murya na ce, "Kai, ka rage wannan ƙarar, mutane na barci."

Ya ce to. Amma bai tafi ba, ni ma ban kore shi ba. Ina kwance ina kallon ƙasan labulen, inda ƙafafunsa suke tsaye cikin silifas, da yatsu irin na mutane, baƙin mai a kan babban yatsan.