Tauren Odile

Ma'aikacin filin sukuwa ya maƙala jan tambari a linzamin Odile tun ba ta gama huci ba. Alcide Sonnier, mai kula da ita, ya dubi tambarin, alamar an saye ta, ya dubi goɗiyar.

Dokar irin wannan tseren ke nan. Duk dokin da ya shiga da farashinsa a kai, kuma kowa na iya jefa takardar saye cikin akwati kafin a tashi. Da an ƙetare layin ƙarshe, doki ya zama na mai takarda. Sabon mai shi zai zo da ragamarsa, tsohon mai kula da shi ya koma da tasa a hannu.

Haka Alcide ya koma barga, ragama na lilo a kafaɗarsa. Shekara huɗu yana wanke goɗiyar nan, yana ba ta labarin mafarkansa tun da asuba.

A ƙofar ɗakinta Alƙali na tsaye yana leƙen bayansa. Alƙali taure ne fari mai gemu. Marigayiya Verna, matar Alcide, ita ta raine shi da kwalbar madara a kicin, ita ta raɗa masa sunan saboda yadda yake kallon mutane. Odile ba ta cin abinci, ba ta barci, sai tauren na kwance a ƙafafunta.

Rayford, maigidan Alcide, yana zaune kan damin ciyawa yana cin shinkafa da miyar kuɓewa.

"Tsoho, gyara fuskar nan, sai ka ce an yi maka mutuwa. Waɗanda suka saye ta sun san da zancen tauren?"

"Ba su sani ba."

"To ja bakinka ka yi shiru. Sati uku ba ta ci ba za ta zama ƙashi da rai, su sako ta a tseren 'yan arha, mu jefa takarda mu dawo da abinmu. Ka ji ni?"

"Sati uku, maigida?"

"Ko huɗu. Yunwa ba ta kashe doki da wuri."

Alcide ya rataye ragamar a ƙusa, ya nufi babban ginin da ke bayan rumfar 'yan kallo. Lokacin samartakarsa rumfar nan cika take yi har mutane su hau shinge. Yanzu tattabaru sun fi 'yan kallo yawa, jama'a duk suna ciki, a gidan caca, inda babu taga ko ɗaya. Ya daɗe yana mamakin wurin: sanyi kamar cikin randa, na'urori dubu suna kiɗa lokaci guda, kuma da kuɗin da suke haɗiyewa ake biyan ladan dawakin da ba mai fitowa ya gani.

Ya sami sabon mai goɗiyar, Mista Kolb, mutumin Texas, yana danna wata na'ura mai zanen dawaki.

"Ranka ya daɗe, ni ne mai kula da Odile."

"Wace ce Odile?"

"Goɗiyar da ka saya ɗazu."

"Oho, lamba shida." Idonsa na kan na'urar.

"Cewa na yi ko kana neman ma'aikaci. Ba na cin abinci da yawa. A barga ma sai in kwana."

Kolb ya yi dariya. "Baba, ƙafafu huɗu na saya, ban sayi tsoho ba. Ƙarfe biyar motata za ta tashi. Je ka huta."

Biyar saura kwata, tun daga nesa Alcide ya jiyo harbin kofato a jikin ƙarfe. Odile ta ƙi shiga motar dawaki. Gumi ya jiƙe wuyanta, idanunta sun yi fari, ta riga ta ƙuje gwiwa ɗaya. Direbar motar, wata mata mai suna Marisol, tana ja tana zagi.

Ya tsaya a bayan shinge yana kallo. Idan ya yi shiru, wataƙila goɗiyar ta dawo, kuma tauren Verna na nan tare da shi. Sai Odile ta yi wata haniniya siririya, irin wadda take yi idan ta farka ba ta ga kowa ba.

Ya juya barga. Rayford ya ga ya kwance igiyar Alƙali.

"Kai, Alcide! Ina za ka da shi?"

"Tauren matata ne, maigida."

"Ka haukace! Ka ba su shi, mun rasa ta ke nan har abada."

"Na sani."

Da suka isa, Alƙali ya hau motar da kansa, ya zagaya sau ɗaya, ya kwanta. Odile ta sunkuyar da kai, ta shinshina gemunsa, ta bi shi ciki kamar mai shiga ɗakin uwarta.

Marisol ta saki baki. "Kawu, wannan wane irin asiri ne? Nawa za a ba ka?"

"Ba na sayarwa ba ne, 'yata. Kada dai ki raba su, ko wurin wanka. Kuma yana son cin takardun caca, waɗanda mutane ke yarwa in sun faɗi. Biyar a rana, kar ki wuce, suna ɗaure masa ciki."

"Takardu?"

"Masu jan layi ya fi so."

Ta rufe ƙofa. Ta wata 'yar kafa Alcide ya hango farin gemu yana motsi, har motar ta sha kwana wajen gonakin rake.

An busa ƙahon tseren ƙarshe. Alcide ya bi ta gaban rumfar 'yan kallo a hankali, yana sunkuyawa yana miƙewa kamar yadda ya saba kowace yamma. Sai da ya kai ƙofar barga ya ji aljihunsa ya yi nauyi. Ya zaro takardun cacar da ya tsinto, ya daɗe yana dubansu. Daga nan ya zauna a bakin ɗakin Odile, ya shiga ware masu jan layi gefe guda.